Ruwan da ke Cikin Mangwaron Kawu

Shekarar da muka kai mangwaro asibiti, ina aiki ne a ɗakin gwaje-gwaje na sashen kimiyyar abinci, a wata makaranta da ke nan Ƙaura Namoda. Aikina bai wuce wanke kwalabe da auna kaya a sikeli da shirya wa ɗalibai abin da za su yi gwaji da shi ba. Shugabar sashenmu wata mata ce Kirista, 'yar Binuwai, wadda ta daɗe a garin nan har harshenta ya juye ya koma irin namu. Mijinta ya rasu tun kafin in san ta, 'ya'yanta kuma duk sun watse wuraren aiki. Kowa Madam yake ce mata, ita kuwa ƙanwata take kirana, ko da a gaban ɗalibai ne.

Abin da ya daɗe yana ci mata rai shi ne mangwaron da ake jerawa a bakin tasha da bazara. Za ka gan shi ya yi ja gwanin sha'awa, amma da ka yanka sai ka tarar da cikinsa fari ga tsami, ko kuma gefen ƙwallon ya lalace. Kowa ya san dalili. Tsinko shi ake yi ɗanye, a zuba a kwali, a saka masa kabaid, irin dutsen nan na masu walda, a rufe, ya yi launi da gaggawa. Madam tana son sanin abin da ke faruwa da ruwan da ke cikin mangwaro tun yana ɗanye har ya nuna, da kuma bambancin wanda ya nuna a kan uwarsa da wanda aka tilasta masa.

Hanyar da muka sani ita ce in yanka shi, in auna, in sa a tanda ya bushe ƙayau, in sake aunawa. Nauyin da ya ragu shi ne ruwan. Amma mangwaron da ka yanka yau ba ka da shi gobe, kuma awon ba ya gaya maka a ina ruwan yake zaune. Wata rana muna cikin wannan aiki ta ce mini akwai hanyar da za a leƙa cikinsa ba tare da wuƙa ba, wato na'urar MRI, wadda ake kwantar da marar lafiya a tura shi cikin wani rami mai kama da bututu. Ta ce babban maganaɗisu ne a jikinta, kuma ruwan da ke cikin abu shi ke amsa mata, shi ya sa take iya nuna inda ruwa yake a ɗaure da inda ya saki. Ta daɗe tana neman izini a wani babban asibiti da ke birni, tafiyar kusan rabin yini daga nan, har aka yarda mu riƙa zuwa ranar Asabar da rana, da sharaɗin duk sa'ad da aka kawo marar lafiya mu ba shi wuri.

Sai maganar inda za a samo mangwaron. Tana son ya zama daga bishiya ɗaya, wadda aka san mai ita. Nan na ce mata ina da kawu.

Kawu yayan Inna ne, mahaifiyata. Yana zaune a wani ƙauye a ƙasar Zurmi, a kan hanyar Gurbin Bore. Da damina yana noman gero da dawa kamar kowa, amma ransa yana garkarsa ta bakin gulbi, inda ya dasa mangwaro da hannunsa tun yana saurayi. Allah bai ba shi haihuwa ba, don haka mu 'ya'yan ƙanwarsa muka zama nasa. Mutum ne dogo, mai yawan shiru, wanda dariyarsa ba ta fita da sauti.

Muka je da sassafe ni da Madam. Ko a lokacin hanyar ba ta da daɗi. Direba ya ce lalle mu juyo kafin la'asar, a cikin mota kuma mutane suna maganar 'yan bindiga da murya ƙasa-ƙasa. Mun tarar da Kawu a garka yana gyaran shinge. Ya shimfiɗa mana tabarma a inuwa, matarsa ta aiko da fura, na yi masa bayanin abin da ya kawo mu. Ya saurara har na gama, ya dubi Madam, ya sake dubana.

"Ɗiyata, ni ban taɓa kwana asibiti ba," in ji shi. "Yanzu ɗiyan iccena za su riga ni?"

Madam ta yi dariya ta ce ba kwana za su yi ba, hoto kawai za a ɗauke su. Ya ce to, Allah Ya sa a ga alheri. Ya kai mu gindin wata bishiya da ke can kusa da ruwa, ya ce ita ce ta fi sauran zaƙi. 'Ya'yan sun kai girman dunƙulen hannu, kore shar. Madam ta fito da zare kala-kala ta ɗaura wa waɗanda ta zaɓa. Masu baƙin zare muka tsinka a ranar. Masu shuɗi za mu dawo mu ɗauka idan sun ƙosa. Masu jan zare kuwa ta roƙe shi a bar su su nuna a kan bishiya, kada kowa ya taɓa. Kawu ya ce ko jemage sai ya nemi izininsa.

Zuwanmu asibiti na farko an riga an shiga azumi. Madam ma tana nata azumin na kafin Ista, don haka babu wadda ta ci wani abu a hanya. Mai kula da na'urar mutumin Shinkafi ne, da na buɗe baki ya gane daga inda na fito, ya tambaye ni labarin hanya da na gida. Ya sa na cire 'yan kunne da fil ɗin mayafina, na ajiye waya a waje, ya ce ko allura ba ta shiga ɗakin. Ɗakin da sanyi sosai, ga na'urar a tsakiya fara tas. Ya ɗauki mangwaro ɗaya ya sa a cikin wani abu mai kama da ƙaramin kwando, wanda ake sa kan mutum a ciki, ya tokare shi da soso don kada ya motsa. Sannan muka koma bayan gilashi.

Na'urar ta fara ƙara kamar ana daka a turame da yawa lokaci guda. Ni dai ina tsaye ina kallon ɗan mangwaron nan shi kaɗai a kan gadon da aka yi domin mutum, abin ya so ya ba ni dariya. Amma da hoton ya fito a kwamfuta sai dariyar ta tafi. Ga shi nan an raba shi biyu alhali ba a taɓa shi ba. Ga ɓawon kamar siririn zare, ga tsokar, ga ƙwallon da baƙin layi kewaye da shi, har da 'yar ƙwayar da ke cikin ƙwallon tana kwance a lanƙwashe. Tun ina yarinya nake shan mangwaron bishiyar nan, ban taɓa ganinsa haka ba. Tsokar duk toka-toka ce, babu wurin da ya fi wani haske. Madam ta ce mu riƙe wannan a ranmu, domin shi ne ɗanye.

Daga nan aikin ya kama hanya. Na koma ƙauye na karɓo masu shuɗin zare. Muka raba su, wasu muka rufe cikin ciyawa su nuna da kansu, wasu muka sa musu kabaid kamar yadda 'yan kasuwa ke yi, duk Asabar kuma mu kwashe su mu tafi. Abin da na fi tunawa shi ne yadda haske ya fara bayyana a hoton. Ba daga ɓawo ya faro ba, daga jikin ƙwallo ya faro, sannan ya riƙa yaɗuwa zuwa waje a hankali. Mangwaron da ka riƙe a hannu ka rantse ɗanye ne, ashe can ciki ya riga ya fara nuna. Ni kuwa a nawa awon na tanda ban ga ruwan ya ƙaru ba, sai ma ɗan raguwa. Na tambayi Madam yadda aka yi haske ya ƙaru alhali ruwa bai ƙaru ba. Ta ce ruwan yana nan tun farko, a kulle yake cikin ƙananan ɗakuna tare da sitaci. Idan nuna ta zo, sitacin ya koma sukari, bangon ɗakunan ya yi laushi, sai ruwan ya saki jiki, shi ne na'urar ke nunawa. Waɗanda muka sa wa kabaid kuwa, nasu hasken dabbare-dabbare ya zo, wani gefe ya saki, wani yana nan yadda yake.

Wata Asabar mun sa mangwaro ke nan aka turo wani matashi a kan gado, ya faɗo daga saman motar kaya ya bugu a baya. Ba mu jira an gaya mana ba, muka kwashe kayanmu muka fito baranda. Mahaifiyar yaron ta zo ta zauna kusa da ni a benci, takalminta ma ƙafa ɗaya ne. Can ta lura da kwalin da ke kan cinyata, ta tambaye ni ko sayarwa nake yi. Sai na gaya mata gaskiya, cewa hotonsu muke ɗauka a na'urar da aka sa ɗanta. Ta daɗe tana kallon kwalin. Na ɗauka za ta yi fushi. Sai ta ce, "Allah Ya sa shi ma su ga abin da ke damunsa." Ranar ba mu ƙara shiga ba. A hanyar dawowa, bayan mun wuce Gusau, Madam ta ce wani lokaci takan tambayi kanta ko ya dace mu hau gadon nan da mangwaro. 

Saura masu jan zare, waɗanda su ne za a gwada sauran da su. Kawu ya aiko cewa sun fara ƙamshi, mu shirya. Kafin ranar da muka sa ta zo, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu, suka kashe mutane, suka kora shanu, suka aika wa ƙauyen su Kawu cewa su ne na gaba. Da hantsi muka ga motar kaya ta tsaya a ƙofar gidanmu, aka sauko da Kawu da matarsa da wasu mata biyu na gidansu. Abin da suka fito da shi bai wuce tabarma da tukwane da buhun gero guda ba. Inna ta share musu ɗakin zaure. Kawu ya gaisa da kowa, ya ce lafiya lau suka fito, alhamdu lillahi, daga nan ya zauna ya jingina da bango. Haka ya riƙa yini. Ya je masallaci, ya dawo ya zauna.

Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ya ce in shaida wa Malamar cewa bai manta da alkawari ba. Wasu mazan ƙauyen suna shirin komawa da rakiyar jami'an tsaro su kwaso hatsin da ya rage a rumbuna, shi ma zai bi su ya tsinko masu jan zare. Na gaya wa Madam da safe, da yamma sai ga ta a gidanmu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta durƙusa a bakin zaure ta gaishe shi.

"Baba, na zo in roƙe ka ne," ta ce. "Kada ka je saboda ni. Na yafe mangwaron, na yafe binciken ma gaba ɗaya."

"Malama, na ji, kuma na gode," in ji Kawu. "Amma hatsina na can, garkata na can. Ko ba ki ɗaura zare ba sai na tai na gani da idona."

Inna ta sa baki, matarsa ta yi kuka, bai canza magana ba. Ranar da suka tafi ban iya yin komai a wurin aiki ba. Na wanke kwalaben da na riga na wanke. Madam ta kulle kanta a ofis, da na leƙa ta taga na gan ta zaune ta haɗa hannuwa a kan tebur, idanunta a rufe. Sai dab da magariba suka dawo, duk lafiya. Kawu ya sauko da buhu biyu na dawa, sannan ya kwance hularsa da ya riƙo a hannu tun daga can. A ciki akwai mangwaro 'yan kaɗan, kowanne da jan zarensa. Ya ce an karya shingen, shanu sun shiga garkar, an sassare rassan ƙasa an ba su ganye. Sauran 'ya'yan sun zube sun ruɓe a gindin bishiya. Waɗannan ne kawai ya samu a sama.

Asabar ta gaba muka kai su. Mutumin Shinkafi ya riga ya ji labari, domin nasu dangin da ke wajen Jangeru ma sun taso. Ya karɓi mangwaron da hannu biyu ya jera su a hankali. Da hoton ya fito, tsokar duk ta yi haske bai ɗaya, tun daga ƙwallo har ɓawo, babu dabbare ko ɗaya. A guda ɗaya ne kawai muka ga wani wuri kusa da ƙwallo da ya fi ko'ina haske, Madam ta ce nunar ce ta fara wuce iyaka. Shi ne hoton da ta shekara tana son gani. Ta dube shi ta ce ya yi kyau, da muryar da ba ta da wani farin ciki, sannan ta fita baranda ta tsaya.

Da muka dawo ta kawo kwamfutarta gida don Kawu ya gani. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa tabarau ɗin Inna, ya matso. Ta nuna masa ɗanyen, ta nuna masa na kabaid, ta nuna masa nasa na kan bishiya. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaya wane ne wane, ta sake nuna masa. Ya ce shi dai gaskiya ba zai iya gane ɗan iccensa a nan ba, duk sun yi masa kama da wata a cikin hadari. Ya tambaya ko na'urar tana iya faɗin wanda ya fi zaƙi, ta ce a'a, ruwa kawai take gani. Ya gyaɗa kai. Bayan an sha ruwa aka yanka mangwaron da suka dawo daga asibiti aka raba wa kowa yanki-yanki, har da Madam. Kawu ya ce a ba matarsa nasa.

Binciken bai kai inda Madam ta so ba. Ta ce masu jan zaren sun yi kaɗan da za a kafa hujja da su, sai dai a maimaita wata shekara. Ta rubuta abin da aka samu, ta buga hotunan a manyan takardu, muka je da su wurin masu sayar da kayan marmari a kasuwa. Sun taru sun kalla, sun yi mamaki, wasu sun ce za su riƙa bari ya ƙosa tukuna. Amma wani dattijo a cikinsu ya ce mata ba su ƙi maganarta ba, sai dai yanzu babu mai iya zama a daji yana jiran mangwaro ya nuna. Wanda ya samu shiga garka yakan tsinke duk abin da ya gani ne ya fito da sauri. Madam ta ce ta sani.

Ba a maimaita ba. Shekarar da ta biyo hanyar Zurmi ta ƙara lalacewa, a ta bayanta kuma Madam ta yi ritaya ta koma garinsu. Kafin ta tafi ta zo ta yi wa Kawu sallama, ta kawo masa doya da sabulu. Har yau takan kira ni lokaci-lokaci, kuma kafin ta tambayi aiki sai ta tambayi Baba.

Kawu bai koma ƙauye ba. Wani mai garka a bayan gari ya ɗauke shi yana yi masa ban ruwan albasa da tumatir, yakan fita da safe ya dawo da azahar. Yana yin aikin yadda ya kamata, amma ban taɓa jin ya yi maganarsa a gida ba. A bara ne labari ya iso wa Inna cewa masu gawayi sun shiga garkarsa ta bakin gulbi sun sare itatuwan gaba ɗaya. Ta tara mu ta ce kada wanda ya gaya masa. Muka yi shiru har damina ta wuce.

Wata Juma'a wani maƙwabcinsa na ƙauye, wanda yanzu yake zaune a Shinkafi, ya biyo ya gaishe shi. Ina tsakar gida ina jin su a zaure. Suka yi maganar waɗanda suka rasu da waɗanda suka tsallaka Nijar da waɗanda ba a san inda suke ba. Can na ji Kawu ya tambaye shi ko ya bi ta garka. Mutumin bai san an ɓoye ba, ya gaya masa duk abin da ya gani, har da ramukan da aka ƙona gawayin a ciki.

Na jira in ji abin da Kawu zai ce.  Sannan ya tambaya ko rijiyar da ke gefen hanya tana nan, mutumin ya ce tana nan. Kawu ya ce to, madalla. Ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Ɗiyata, kawo muna buta, lokaci ya yi." Na kai musu. Suka yi alwala a ƙofar gida, suka tafi masallaci tare.